Damagaram da Baƙinta da Ƴaƴanta: Wa Ya Ba da Labarinmu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Tun da ƙungiyarmu ta matasa Musulmi ta ware wannan ɗan littafi don tunawa da abin da ya gabata, ya dace mu waiwaya nesa kaɗan, mu wuce shekarun ƙungiya, mu dubi garin da ya haife ta. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Za mu yi magana a kan mutane iri biyu: baƙin da suka taka ƙasar Damagaram har duniya ta san da zuwansu, da ƴaƴan ƙasar da sunansu ya fita waje. In ka bi mu sannu a hankali, za ka ga wani abu da ya kamata ya dame ka. Mafi yawan abin da aka sani a rubuce game da kakanninmu, baƙo ne ya rubuta shi, da harshensa, don amfanin mutanensa.

Garin da malami ya kafa

Ka fara da sanin cewa asalin sarautar Damagaram malami ne. Malam Yunus, wanda ya fito daga wajen Borno a farkon ƙarni na 18, shi ne kakan gidan, kuma sunan Damagaram na wani ƙauye ne da ke gabas da Zindar ta yau. Sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman ɗan Tintuma, fada ta dawo Zindar, cikin duwatsun nan da kake gani kullum. A lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa ga Shehu.

Abin da ya ɗaga garin shi ne hanya. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamus da Gat da Azbin zai nufi Kano, nan yake sauke kaya. Wanda ya taso daga Kukawa zai yi yamma, nan yake ratsawa. Shi ya sa garin ya zama biyu tun da wuri: Birni inda sarki da fadawa da malamai suke, da Zango inda fatake da Buzaye da Larabawa suke sauka. Gishiri da tufafi da takarda da bindiga suna shigowa, fatu da gashin jimina da hauren giwa suna fita. Akwai kuma wata haja da ake fitarwa, wadda za mu zo kanta, don ba za mu ɓoye maka ita ba.

Yakubu da Abdulkarim

A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya iso Zindar. Mutane suna kiransa Yakubu. Su uku suka ƙetaro hamada daga Tarabulus, shi da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, amma da suka iso Damargu sai suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya yi makonni a garin nan, zamanin Sarki Ibrahim. Ya zaga kasuwa, ya gaida sarki, ya zauna da fatake, kuma kowane dare sai ya ɗauki alƙalami. Bai kai Kukawa ba. Ya rasu a hanya ranar 4 ga Maris 1851, a wani ƙauye na ƙasar Borno. Amma takardunsa sun kai Landan, an buga su.

To, me ya rubuta? Ya yi maganar ciniki da yawan jama'a da abinci. Ya kuma yi doguwar magana a kan hukuncin kisa da ake zartarwa, da yadda ake fita hari a kamo talakawan ƙauyuka a sayar, har da na cikin ƙasar sarki kansa, don a biya bashin fatake. Richardson mutum ne da ya zo da aƙidar yaƙi da cinikin bayi, saboda haka idonsa yana kan wannan fiye da komai, kuma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko yana da ido. Bai ga karatun dare a makarantun allo yadda ɗan gari zai gan shi ba, bai san zumuncin da ke cikin gidaje ba. Amma fa kada wannan ya sa ka ce ƙarya ya yi. An sayar da mutane a ƙasar nan, cikinsu har da masu salla, abin da shari'ar Musulunci ba ta yarda da shi ba. Matashi Musulmi ba ya gyara tarihi da ƙarya don ya ji daɗi.

Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya iso Zindar ranar 25 ga Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853. Shi wani irin baƙo ne daban. Yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, yana zama da malamai yana tambayar sunan kowane gari da kowace rijiya. A nan ya jira kuɗi da kayan da aka aiko masa daga arewa, ya yi sayayya, sannan ya kama hanyar Katsina da Sakkwato da Sayi, har Tumbutu. Littafinsa mai juzu'i biyar har yau shi masu binciken tarihin ƙasashen nan suke buɗewa. Bayansa, a 1854, wani Bajamushe kuma, Eduard Vogel, ya zo garin daga Kukawa. Ka ga ke nan cikin shekara huɗu aƙalla Turawa uku sun kwana a Zindar, kowa da littafinsa a aljihu.

Yaron Dambanas

Yanzu ka saurara da kyau, don ga mutumin da muka fi so ka riƙe sunansa. Cikin masu yi wa Barth hidima lokacin da ya sauka a Zindar akwai wani yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba, sunansa Dorugu. Ɗan ƙasar nan ne, haifaffen Dambanas, wajen Kance. Mayaƙa ne suka kama shi yana ƙarami, aka yi gabas da shi, ya bi hannu-hannu har Kukawa. Can Overweg ya fanshe shi ya ƴanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba 1852, sai yaran biyu suka koma wajen Barth.

Dubi tafiyar da yaron nan ya yi. Ya je Katsina, ya je Sakkwato da Gwandu, ya ƙetare Kwara a Sayi, ya zauna Tumbutu wata da watanni a inuwar Shehu Ahmadul Bakkay. Ya dawo Kukawa, ya ƙetare hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa, a 1855 ya taka Faransa da Ingila da Jamus. A Ingila ya zauna wajen wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda yake neman sanin Hausa don ya juya littattafan addininsa. Schön ya zaunar da yaron, ya ce ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da duk abin da ya tuna. Dorugu yana faɗa, shi yana rubutawa. Da taimakon bakin yaron nan Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sannan a 1885 aka buga labarin Dorugu cikin littafin Magana Hausa.

Ka san ma'anar wannan? Ɗaya daga cikin tsofaffin tarihin rayuwa da aka buga da Hausar boko, na ɗan ƙauyen Damagaram ne, kuma da Hausar ƙasar nan ya faɗe shi. A ciki ya ba da labarin gidansu da noma da yunwa da ranar da aka kama shi. Ya kuma juya ido ya dubi Turawa yadda su suka dube mu, ya faɗi yadda suke ci da yadda suke sa tufafi da abin da ya ba shi mamaki a garuruwansu. Duk sauran suna kallonmu suna rubutawa, shi kaɗai ne namu da ya yi magana da bakinsa. Ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, can ya rasu a 1912.

Tambayi abokanka goma a fada yau da dare, ka ga mutum nawa suka taɓa jin sunansa. Yaron da aka ɗaure aka fitar daga ƙasar nan a matsayin haja, shi ne ya kai harshenta inda dawakin sarakuna ba su kai ba. Allah Yana ɗaukaka wanda Ya so.

Tanimun

In ana maganar ƴaƴan Damagaram, ba wanda zai sha gaban Sarki Tanimun ɗan Sulaiman. Ya hau karo na farko a 1841 na ɗan lokaci, ya dawo a 1851, ya riƙe ƙasa har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, wadda guntayenta suke nan har yanzu ruwan sama yana cinye su a gaban idonmu. Ya tara ƴan bindiga masu yawa, abin da ba kowane sarki yake da shi ba a zamanin. Mafi ban mamaki, a cikin garin nan maƙeransa suke haɗa albarushi suna zuba igwa ta tagulla. Ya shigar da ƙasashen maƙwabta irin su Muniyo da Mirya ƙarƙashin ikonsa, ya jawo fataken arewa, har Damagaram ta zama mai biyayya ga Borno da suna kawai.

Darasin Tanimun ga matashin yau a fili yake. Bai tsaya ga sayen kayan waje ba, sai da ya sa aka koyi yin su a gida. Amma ka tuna ƙarfin nan da bayi aka gina wani sashe nasa, da harajin talaka. Muna alfahari da ganuwa, muna kuma roƙa wa waɗanda suka ɗauki ƙasar gina ta rahama, ko da ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Rashin sanin sunan nasu ma shi ne abin da muke kuka da shi.

Baƙin da suka zo da bindiga

Zamanin Sarki Amadu Kuran Daga ɗan Tanimun, wanda ya hau a 1893 ya kuma kai yaƙi har cikin ƙasar Kano lokacin Sarki Alu, sai baƙunci ya canza kama. A 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso da sojojinsa yana neman hanyar tafkin Cadi. A lokacin Rabe ya riga ya rushe Kukawa tun 1893, kowa a ƙasar nan yana cikin fargabarsa, kuma fada ta yi zargin baƙon zai je ya haɗa kai da shi. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive a Zindar.

Shekara ta zagayo, sai ga rundunar Voulet da Chanoine daga yamma, wadda ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Konni, ta bar gawawwaki a rijiyoyi duk inda ta bi. Su biyun ba su iso nan ba. Bayan sun harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftana Pallier, ita ta haɗu da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli. Doki da takobi da bindigar gargajiya ba su iya da bindiga mai aman harsashi ba. Aka shiga Birni, Kuran Daga ya fita, aka bi shi aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba. A watan Nuwamba kuma ayarin Foureau da Kwamanda Lamy ya iso daga Aljeriya ta Azbin. Daga nan Lamy ya wuce ya haɗu da Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, dukansu biyu suka mutu a wurin. Sunansa aka sa wa garin da yau ake kira Njamena. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Cazemajou, shi ne bayan samun ƴancin kai aka mai da shi sunan Tanimun.

Faransawa sun naɗa Amadu ɗan Basa, amma a 1906, shekarar da aka yi tashin Satiru kusa da Sakkwato, suka zarge shi da shirya tawaye. Suka tube shi suka kai shi Kodebuwa, tare da wasu manya, cikinsu har da Malam Yaro, attajirin Zango wanda fataucinsa yake kaiwa har Tarabulus. Gidan sarauta ya zauna ba sarki na jini sai a 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A tsakanin nan Zindar ta zama babban birnin ƙasar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da mulki Yamai. Motocin Citroën masu ƙafar sarƙa da suka ratsa Afirka ma sun bi ta nan a ƙarshen 1924.

Ga wani abin lura. Lokacin da tawagar Tilho take shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, daga 1906 zuwa 1909, tafintanta Landeroin ya zauna da dattawa da fadawa ya tambaye su jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe, ya rubuta da Faransanci. Wato kakanninmu ne suka ba da labarin, amma in kana son ka ji abin da suka ce, sai ka nemi littafin da aka buga a Paris.

Waɗanda suka karɓi alƙalami

Alhamdu lillahi, ba haka aka tsaya ba. An haifi André Salifou a Zindar a 1942. Ya yi karatun tarihi, ya koma wajen tsofaffi ya saurare su, ya tona takardun Turawa ya gwada da abin da ya ji, a 1971 ya fitar da littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Shi ne ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991 wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Ya rasu a 2022, kuma jami'ar garin nan sunansa take ɗauke da shi.

Abdullahi Mamani haifaffen Gudumariya ne, a 1932, amma Zindar ce ta zaɓe shi wakili a ƙarƙashin Sawaba. Ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku, sannan a 1980 ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya, wanda Med Hondo ya mayar fim har ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Ba don alƙalaminsa ba, da sunan Sarauniyar Lugu bai kai inda ya kai ba. Alhaji Mahamman Usman kuwa, wanda aka haifa a Zindar a 1950, shi ne shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa a zaɓen jam'iyyu da yawa, a 1993, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki daga 1999 zuwa 2009. Ko wace jam'iyya gidanku yake bi, wannan tarihi ne na garinku. A fagen waƙa akwai Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fada, wanda bakinsa ya adana sunaye da kirarin da ba ka samunsu a takarda. Akwai kuma Malam Mamman Barka ɗan Taskar, malamin lakwal da ya je bakin tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram a wajen tsohon da ya rage yana kaɗa shi, don kada ya mutu da shi. Ya rasu a 2018.

Za ka ce, ina malaman addini a cikin jerin nan? To, ka taɓo inda ke ciwo. Garin da malami ya kafa, garin da almajirai suke zuwa daga nesa neman Alƙur'ani, ya fi kowa yawan alarammomi da masana fiƙihu da masu rubuta Alƙur'ani da ka. Ga kuma iyayenmu mata da suka karantar da yara a cikin gidaje shekara da shekaru. Amma labarinsu yana bakin jikoki ne kawai, takardunsu na ajami suna cikin gafaka da tsofaffin adaka, gara tana ci, damina tana jiƙawa. Baturen da ya kwana talatin a garin nan mun san ranar zuwansa da ranar tafiyarsa. Malamin da ya shekara hamsin yana ba da karatu a zaure ɗaya, sau da yawa ko shekarar rasuwarsa ba a riƙe ba.

Abin da ya rage gare ka

Ɗan'uwa, ba sai ka je jami'a za ka fara ba. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Ka je wajen kakanka ko kakarka, ko limamin unguwarku, ka durƙusa ka gaishe su, ka nemi izini, ka tambaya. Wajen wa suka yi karatu, shi kuma wajen wa? Wa ya gina masallacin unguwa, a zamanin wane sarki? Daga ina gidanku ya taso? Me suka gani a shekarun yunwa, da zamanin aikin tilas? Ka rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, ka sa ranar da aka yi hirar da sunan wanda ya faɗa. Abin da ka ji ka rubuta shi yadda ka ji shi, mai daɗi da marar daɗi, kada ka ƙara gishiri don gidanku ya fi na wani. In mutum biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun. Malaman hadisi sun koya mana wannan tun tuni: a san wanda ya faɗa, a san daga wa ya ji.

In kun sami tsofaffin takardu a gida, kada a sayar wa mai yawo da jaka, kada kuma a bar su a ƙasa. A ɗauki hotonsu shafi-shafi, a nemi shawarar masana. A Yamai, cibiyar binciken IRSH tana da sashe na musamman na rubuce-rubucen Larabci da ajami. Kowane reshe na ƙungiyarmu, a Damagaram ne ko Maraɗi ko Tawa ko Yamai, zai iya ɗaukar alkawarin tattara tarihin malamai biyar na yankinsa kafin taro mai zuwa. Tsoho ɗaya in ya kwanta dama, abin da ya tafi da shi ba ya dawowa, kuma kullum ana jana'iza.

Baƙo kuwa, addininmu ya haɗa girmama shi da imani, kuma garin nan da baƙi ya girma. Ka karɓe shi hannu biyu, ɗan kasuwa ne ko almajiri ko wanda rikici ya koro daga gidansa. Ka dai tuna duk wanda ya sauka gidanka zai tafi da labarinka, mai kyau ko akasinsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, sarakunansu da malamansu da talakawansu, da waɗanda aka fitar da su daga ƙasar nan ba da sonsu ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi.